Gwaggo Anya da Majinyacin Ƙarya

Yayar mahaifina ce, kuma tun kafin in yi wayo take aiki a ƙaramin asibitin garinmu. Gwaggo Anya ake ce mata, yara da manya, domin ba a gaya mata magana ta karɓa ba tare da ta karkata kai ta ce, "Anya kuwa?" In aka kawo kwalin magani sai ta buɗe ta duba kwanan watan kowace kwalba. In majinyaci ya ce ya shanye ƙwayoyinsa, sai ta ce ya turo yaro da ledar ta gani. Makullin kabad ɗin magani a gefen zaninta yake kwana.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda, da firij mai aiki da hasken rana, da tankin ruwa a bayan gini. Tsakaninmu da babban asibiti akwai kogi, gadarsa ta karye tun ina goye. Da rani mota na ratsawa ta cikin yashi. Da damina sai kwale-kwale, in ruwan ya yi ƙarfi kuma mai kwale-kwalen ma ɗaure abinsa yake yi ya koma gida.

Na taɓa tambayarta ko haka aka haife ta da zargi. Lokacin tana tsince shinkafa a faranti. Sannan ta ba ni labarin wata mace da ta haihu a hannunta a farkon aikinta, jini ya ƙi tsayawa. Aka yi waya, aka ce motar asibiti tana hanya. Gwaggo ta fita ta gaya wa dangin matar, ta koma, ta sake fitowa ta sake gaya musu. Motar ko tashi ba ta yi ba, ashe babu taya a jikinta. Matar ta rasu ana ta leƙen hanya.

"Su suka yi ƙaryar," in ji Gwaggo, "amma da bakina mutanen nan suka ji ta."

To, da aka aiko cewa za a zo a horar da su yadda ake riƙe wanda ya ji mummunan rauni na tsawon lokaci idan babu halin kai shi babban asibiti, sauran ma'aikatan murna suka yi. Gwaggo kuwa ta zauna ta yi tagumi. A ganinta maganar a fili take: wanda ya zo koya maka zama da majinyaci kwana da kwanaki, ya riga ya san ba za a gyara gada ba.

Mai horarwar wani likita ne dogo, mai magana a hankali, nan da nan aka sa masa Dogon Likita. Ya bar motarsa a wancan ƙetaren, ya hayo kwale-kwale da jaka ɗaya a kafaɗa. Bai gama gabatar da kansa ba Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Likita, wa ya aiko ka?"

Ya faɗa mata.

"Su kuma wa ya aiko su? Ina nufin, masu gadar nan sun san da zuwanka?"

"Baba, ni ban san masu gada ba. Aikina raunuka ne."

"Anya kuwa?" in ji ta, aka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba.

Duk da haka ba ta yi fashin zama ko ɗaya ba, kuma a gaba take zama, wai don ta ga inda zai yi kuskure. Ya koya musu abubuwan da ba su da kwarjini a ido: yadda ake lulluɓe mai rauni ko da ana zafi, saboda jikin da ya zubar da jini sanyi ke ƙarasa shi; yadda ake juya wanda ya daɗe a kwance; yadda ake tara fitsarinsa a gora mai alama don a san ko ƙodarsa na aiki; yadda ma'aikata za su raba hutu tsakaninsu kada duk su gaji lokaci guda. Abin da ya fi nanatawa shi ne awon bugun zuciya da ƙarfin jini. Awo ɗaya, in ji shi, ba ya gaya maka komai. Sai ka auna, ka jira, ka sake aunawa, sannan ka ga inda jikin ya dosa.

Da ta dawo gida mijinta, wanda manomi ne mai shiru-shiru, ya tambaye ta yaya karatun. Ta ce, "Mutumin ya san aikinsa. Shi ne ma abin da bai kwanta mini ba."

Ranar ƙarshe aka ware don gwaji. Za a kawo majinyacin ƙarya tun safe, a riƙe shi har yamma kamar da gaske, ma'aikata suna karɓar juna. Tunda mutumin lafiyarsa ƙalau, jikinsa ba zai nuna komai ba, don haka Dogon Likita ya tsara yadda za a yi: ma'aikaci zai ɗora yatsu a wuyan hannun majinyacin ya ce, "Likita, me na samu?" shi kuma ya faɗi adadin da ya ga dama, a yi aiki da shi. Haka na'urar awon jini, a naɗa ta a dantse ba tare da an hura ba. Kowa ya saba da wannan tun kwanakin baya. Hannu na kan majinyaci, kunne na wajen likita.

Wanda aka zaɓa ya kwanta ƙanen mijin Gwaggo ne, mai facin taya a bakin kasuwa. Duk gari an san Mai Faci da iya kwaikwayo. Yana iya yin tafiyar kowa da tarin kowa, kuma tun yana saurayi ya taɓa kwanciya zazzaɓin ƙarya don gudun noma, har da karkarwa, sai da Gwaggo ta fito da babbar allura ya warke nan take. Tsakaninsu wasa ne irin na matar wa da ƙanen miji, ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba.

Ranar ya makara. Ya shigo da ƙafa, yana ɗan dafe gefensa, ya ce tuntuɓe ya yi. Aka yaga tsohon wando, aka zuba masa jan rini a cinya kamar kwanon rufi ya yanke shi, aka kwantar da shi a gadon da ke kusa da taga. A lokacin kogi ya fara tasowa, saboda an kwana ana ruwa a can tudu, amma ba wanda ya damu, tunda Dogon Likita sai washegari zai tafi.

Unguwarzomar asibitin ce ta fara, tare da mai ba da magani. Suka ɗaure cinya, suka lulluɓe shi, suka tambayi likita abin da suka samu, ya faɗa musu. Mai Faci na nishi ƙasa-ƙasa. Masu kallo ta taga suna cewa kai, yau ya fi kullum.

Da hantsi ya ɗaga aka miƙa shi hannun Gwaggo. Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Wa ya yayyafa maka ruwa a goshi?"

"Matar Yaya, zufa ce."

"Zufar me? Kai da ko taya kake bugawa ba ka zufa, sai dai yaranka su yi."

"Wallahi kafaɗata ke ciwo. Ta hagun nan."

"Ji shashasha. A cinya aka zana maka ciwon, ka manta karatun naka? Likita, ka canja ɗan wasa, wannan bai haddace ba."

Aka yi dariya, har Dogon Likita ya murmusa, ya ce majinyata na gaske ma sukan kawo ƙorafin da ba ya cikin littafi. Mai Faci ya rufe ido bai rama ba. Daga baya Gwaggo ta ce mini wannan rashin ramawar ya tsaya mata a rai, amma ta ɗauka wani sabon salo ne ya koyo don ya kunyata ta a gaban baƙo. Ta ƙudura ba za ta faɗa tarkonsa ba. Haka aka ci gaba har rana ta take tsaka.

Sai dai akwai abin da Gwaggo take yi wanda ba ta gaya wa kowa ba. Tun ranar farko ba ta yarda da wannan tsarin na karɓar adadi daga bakin mutum ba. In ta ɗora yatsu ta ce, "Likita, me na samu?" idonta na kan agogon hannunta, tana ƙirga nata a zuci, ba don komai ba sai don kada hannunta ya saba da ƙarya. Da safen ta ji bugun Mai Faci da ɗan sauri, ta ce tsoron allura ne. Da ta sake karɓarsa bayan azahar sai ta ji ya ƙara sauri, ya kuma sirance, kamar zare a ƙarƙashin yatsa. Dogon Likita kuwa a lokacin yana sanar da cewa majinyaci ya fara samun sauƙi.

Ta gyara bargo, ta zaga bayan gini kamar za ta ɗebo ruwa, ta dawo ta sake kamawa. Tafin hannunsa sanyi ƙalau. Ta ja fatar idonsa ta ƙasa, ta ga fari fat. Mutum na iya kwaikwayon nishi da suma, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kwaikwayi wannan ba.

Nan take zuciyarta ta ba ta amsa, amsar da ta dace da duk abin da take zargi tun zuwan baƙon. Ta ce masa tana son magana da shi a baranda.

"Likita, tsakaninka da Allah, me ka ba yaron nan?"

"Wane yaro?"

"Kada ka raina mini hankali. Ƙwaya ce ko allura? Kun ba shi abu don jikinsa ya yi kamar gaske, ku gwada mu ku rubuta. Ƙanen mijina ne, ba akuyar gwaji ba. In wani abu ya same shi, wallahi ba za ka haye kogin nan ba."

Dogon Likita ya dube ta kamar bai ji da kyau ba. "Baba, ko ruwa ban ba shi ba. Me kika ji a hannunsa?"

Ta faɗa masa, na safe da na yanzu. Bai tsaya kare kansa ba. Ya wuce ta da sauri ya shiga ɗakin, ya kama wuyan hannun Mai Faci, ya hura na'urar da tun safe take naɗe a banza. Ya ɗago ya ce, "An tsayar da gwaji. Wannan da gaske ne."

Ba wanda ya motsa. A kwanakin horon ya sha yi musu irin wannan bazatar. Unguwarzoma ta matso tana murmushi, ta ɗora yatsu ta ce, "To Likita, me na samu?"

"Ki ji da hannunki!" in ji shi, karo na farko da aka ji ya ɗaga murya.

Ya ɗage rigar Mai Faci. Kowa ya wuni yana kallon cinya, ba wanda ya duba ciki. A ƙasan haƙarƙarinsa na hagu akwai wani zagayayyen tabo, baƙi-baƙi, cikin kuma ya yi tauri. Gwaggo ta dubi tabon, sai ta tuna da safe ta ga babur ɗin mijinta a jingine inda ba a saba ajiye shi ba, madubi ɗaya a karkace.

"Babur ɗin wa ka hau?"

Mai Faci ya buɗe ido da ƙyar. "Kada ki gaya wa Yaya. Ya hana ni taɓa shi. Kan babur ɗin ne ya soke ni, a gangaren makabarta. Na ce in na kwanta a nan zan huta ya wuce."

"Ka kyauta," in ji Gwaggo. "Duk garin nan ka rasa inda za ka ɓoye ciwo sai gadon asibiti."

Dogon Likita ya ce yana kyautata zaton saifa ce ta fashe, jini na tsiyaya a ciki, kuma ba abin da zai tsayar da shi tabbas sai aiki a babban asibiti. Aka tura a duba kogi. Ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa, mai kwale-kwale ya ce ko uwarsa ce ba zai shiga ba. Likita ya hau kan tankin ruwa, inda nan ne kawai waya ke kamawa, ya yi magana da babban asibiti. Suka ce za su turo mota ta jira a wancan ƙetaren.

Abin da ya rage shi ne abin da aka wuni ana kwaikwayo. Aka yi masa allurar da ke taimaka wa jini ya daskare, wadda Gwaggo ta ciro daga can ƙasan kabad. Aka sa masa ƙarin ruwa, amma a hankali ƙwarai. Gwaggo ta kai hannu za ta buɗe shi sosai, likita ya riƙe ta, ya ce in aka cika jijiya da ruwa, ɗan daskarewar da jinin ya fara yi a ciki zai balle. A ba shi daidai abin da zai sa ya riƙa gane mutane yana amsawa. Ta dube shi, bakinta ya buɗe zai faɗi kalmar nan tata, sai ta haɗiye ta janye hannu. Ta ce mini a duk rayuwarta ba ta taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba: ta tsaya tana kallon ruwa na ɗiga ɗaya-ɗaya, bisa maganar mutumin da ɗazu ta zarga da sa wa ƙanen mijinta guba.

Kafin la'asar baranda ta cika da dangi. Mai ba da magani ya leƙo ya ce a gaya musu mota na hanya, hankalinsu ya kwanta. Gwaggo ta ce ba da bakinta ba. Ta fita ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ku saurara. Babu mota a wannan ƙetaren, babu kwale-kwale. An ce wata za ta jira a can, ban gan ta ba, don haka ban ce muku akwai ba. Mu ne kawai da shi har ruwa ya sauka. Mai addu'a ya yi, mai kuka ya matsa can gindin bishiya."

Surukarta, mahaifiyar Mai Faci, ta taho da kofin ruwa a hannu, domin ta ji ta taga yana kiran ƙishirwa. Tun da aka kawo Gwaggo gidan mijinta ba ta taɓa haɗa ido da tsohuwar ba, balle ta musa mata. Ranar sai ta durƙusa a bakin ƙofar, ta tare hanya da jikinta.

"Inna, ki gafarce ni. Ba zai sha ba."

"Ɗan nawa na kiran ruwa ki ce ba zai sha ba? Ke kika haifa mini shi?"

"Aiki za a yi masa, Inna, dole cikinsa ya zama babu komai. Ki jiƙa bakin mayafinki ki goga masa a leɓe, ni zan riƙe kofin."

Tsohuwar ta miƙa kofin. Gwaggo ta ce duk da haka ba ta ɗauke ido daga hannun Inna ba har ta fita, kuma da ta fita sai da ta laluba ƙarƙashin matashi ko an bar wani abu.

Mijinta kuwa da aka gaya masa zancen babur sai ya miƙe. Ya shiga ya dafa ƙafar ƙanensa, ya fita ya nufi kogi. Ya kafa kara a bakin ruwan ya zauna yana kallonsa, yana aiko da labari duk lokacin da ruwan ya ja baya.

Yadda aka kwana, Gwaggo ba ta cika son ba da labarinsa ba. Ta ce ba komai a ciki sai awo, da duba gorar fitsari, da kiran sunansa a ji ya amsa, da karɓar juna kamar yadda aka koya musu. Ta ce an tilasta mata ta je ta kwanta, ta kwanta ido biyu.

Gari na wayewa karan ya fito fili, da laka a gindinsa. Mai kwale-kwale ya zo da kansa. Aka ɗauko Mai Faci a kan ƙyauren ɗakin ajiya, lulluɓe da barguna, unguwarzoma na riƙe da ledar ruwa sama. Bugun hannunsa na nan siriri, amma bai ƙara lalacewa ba tun tsakar dare. A bakin ruwa ya motsa leɓe, Gwaggo ta sunkuya.

"Matar Yaya... na ci gwajin?"

"Ka ci ubanka," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. "Rufe mini baki ka adana numfashinka."

Ta ɗaga kai ta hango wancan ƙetaren. Motar na nan tsaye, ƙofar bayanta a buɗe. Ta ce sai da ta ƙirga tayoyin.

An cire masa saifar a ranar, ya yi makonni a can, ya dawo da dogon tabo a ciki wanda yake ɗage riga ya nuna wa duk wanda ya kawo faci, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Dogon Likita ya sake zuwa da rani. A wannan karon duk wanda za a kwantar a matsayin majinyacin ƙarya sai an duba shi daga kai har ƙafa tukuna, kuma ma'aikaci sai ya faɗi abin da hannunsa ya ji kafin likita ya ba shi na wasa. Gwaggo ta gaishe shi da kyau, har ta ba shi haƙuri kan maganar baranda, a taƙaice. Da ya tafi na ce mata ai yanzu ta yarda da shi.

"Da shi, eh," ta ce. "Ka ga an kawo ko bulo ɗaya bakin gadar nan?"

Ban gani ba, har yau kuma ba a kawo ba.

Gwaggo na nan a asibitin, gashinta ya yi fari, makullin na gefen zaninta. Mai Faci kan biyo ta gidan da yamma in ya tashi daga aiki. Yana yin sallama ya ce, "Matar Yaya, ina wuni?" ba ta amsawa. Sai ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunsa, idonta a kan agogo, shi kuma ya tsaya shiru kamar ɗan makaranta har ta gama. In ya ce mata lafiyarsa ƙalau, takan ce ba shi ta tambaya ba.